Noman gargajiya na oganik ko irin GMO da takin zamani, wanne manomi zai kama?

Duk lokacin da aka tayar da maganar nan sai kaga mutane sun rabu gida biyu, wasu suna cewa GMO guba ce Turawa suka turo mana, wasu kuma suna cewa ai duk wanda ya ƙi ta ya ƙi ci gaba. Shi kuwa mai gonar da zai zuba kuɗinsa a ƙasa ba wanda ya gaya masa abin da zai yi in ruwa ya sauka. Ni a ganina an cakuɗa tambayoyi uku ne wuri ɗaya, tambayar ƙasa daban, ta iri daban, ta kasuwa daban, kuma kowacce amsarta ba ɗaya ba ce da 'yar uwarta. In aka raba su sai kaga zaɓin bai kai yadda ake zuzuta shi wuya ba.

Kafin nan akwai wani ruɗu da ya kamata a kawar. Ba duk ingantaccen iri ba ne GMO. Masara mai aure da ake sayarwa a shagunan iri shekara da shekaru, haɗa uwa da uba ne kawai na masara da masara, haka manyan tumatir ɗin nan da ake ɗaukar hotonsu ana yaɗawa wai GMO ne, yawanci irin aure ne. GMO shi ne wanda aka ɗauko ƙwayar halitta daga wata halitta daban aka saka wa shuka a ɗakin bincike. A Najeriya abin da aka ba izinin nomawa a sayar uku ne, auduga a 2018, wake SAMPEA 20-T a 2019, sai masarar TELA a farkon 2024. Gero, dawa, shinkafa, gyaɗa, riɗi, babu na GMO da aka saki. Hukumar da ke ba da izinin ita ce NBMA, an kafa ta a 2015. Shi kuma oganik ba wai "ban sa taki ba saboda ba ni da kuɗi" ba ne, tsari ne na ciyar da ƙasa da taki da juya shuka da hana ƙwari ba tare da sinadarin masana'anta ba. Wanda ya shuka ya bar gona da Allah ba oganik yake ba, talauci ne.

Mu fara da ƙasa, don nan ne masu oganik suka fi gaskiya kuma nan ne suka fi faɗuwa in aka zo lissafi.

Ƙasar jigawa irin tamu rairayi ce, ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki. Ka watsa yuriya a gonar da ta shekara goma ba ta ga kashin dabba ba, ruwa ɗaya mai ƙarfi zai iya wanke da yawa daga cikinsa zuwa ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa, kuma in ka dage da yuriya zalla shekara bayan shekara ƙasar tsami take yi, shi ya sa zaka ji dattawa suna cewa takin zamani yana kashe gona. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai ba duka labarin ba ne. Takin gargajiya shi ke ba ƙasa jiki, ta yi duhu, ta riƙe laima, in an yi ɗan fari na kwana goma tsakiyar damina zaka ga bambancin da idonka, gefen da aka zuba taki ganyen masara bai nannaɗe ba, ɗaya gefen kuwa tun hantsi ya murɗe. Karkarar Kano shaida ce, gonakin da ke kewaye da birni an daɗe ana noma su duk shekara ba hutu, abin da ya riƙe su shi ne takin da ake ɗorawa jakuna a mangala daga cikin gari da turken awaki, da wake da ake gicciyawa cikin gero da dawa, harawa ta koma bakin dabba, kashin dabba ya dawo gona.

Toh amma ga lissafin. Buhun yuriya mai kilo 50 kashi 46 cikin ɗari naitorojin ne, sinadarin da ke ciyar da shuka, wato kilo 23 kenan. Busasshen kashin shanu kuwa naitorojin ɗinsa bai cika wuce kashi ɗaya ko ɗaya da ɗoriya ba, balle wanda rana ta gama dukansa a fili. Kenan kafin ka samu abin da ke cikin buhu ɗaya sai ka tara wajen tan biyu na taki. Masara kuma malaman gona suna ba da shawarar kamar kilo 120 na naitorojin a hekta ɗaya, kaga ana maganar tan goma ko fiye, kuma ba duka zai narke a shekarar farko ba. Mai awaki biyar da saniya ɗaya ina zai samo wannan? In ka ce saya zaka yi, kashin kaji yanzu shi ma buhu-buhu ake sayar da shi, masu lambu suna rububinsa, ga kuɗin mota. Tsohon tsarin da ake ba Fulani su zauna da shanu a gona bayan girbi ma ya ragu a wurare da yawa saboda rikici da rashin tsaro. Sannan akwai fosfat, wanda ƙasar Sahel take matuƙar ƙarancinsa, shi kuwa wake da gyaɗa ba sa ƙirƙirarsa, naitorojin kaɗai suke jawowa daga iska.

Ƙasar da ta gwada tsallakewa lokaci ɗaya ita ce Siri Lanka. A watan Afrilun 2021 shugabanta Gotabaya Rajapaksa ya hana shigo da takin zamani, wai ƙasar gaba ɗaya ta koma oganik, ko da yake ƙarancin dala ma yana cikin dalilan. Shinkafa ta faɗi, ganyen shayin da suke samun kuɗin waje da shi ya faɗi, ƙasar da take ciyar da kanta da shinkafa ta koma saye daga waje, kafin shekarar ta ƙare suka fara janye dokar, a Yulin 2022 kuma shugaban ya gudu daga ƙasar. Masu son oganik suna cewa ai ba haka ake yi ba, ba a shirya manoma ba, kuma gaskiya ne. Amma dai darasin yana nan, babu isasshen taki da zai maye gurbin na buhu a faɗin ƙasa guda cikin dare ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a wannan ɓangaren ba daga Turai ya zo ba, daga Maraɗi da Damagaram ne. Tun wajen 1983 aka fara abin da ake kira sassabin zamani, maimakon a sare duk wani toho a ƙone lokacin sharar gona sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kututturen sabara ko kalgo ko gawo a bar su, a sassabe sauran. Wani ɗan Ostireliya Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa shi amma manoma ne suka ɗauke shi gona zuwa gona, har aka ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa. Gawo kuwa duk manomi ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi ganye dabbobi su fake ƙarƙashinsa su ci 'ya'yansa su bar kashi, shi ya sa geron gindin gawo yake fita daban. Haka tassa a yankin Tawa, ramukan da ake haƙawa a fako a zuba ɗan taki a ciki, irin wanda manomin nan Yacouba Sawadogo ya shahara da shi a Burkina Faso. Waɗannan ba sa cin ko sisi sai ƙarfi, kuma ƙarfin ba kaɗan ba ne, wanda ya taɓa haƙa rami a fako cikin zafin bazara ya sani.

A Nijar ɗin nan dai masu bincike na cibiyar noma ta ICRISAT a Sadore suka fito da dabarar sa taki ɗan mitsitsi, cikin murfin kwalbar lemo na takin NPK, kamar giram 6, a gindin kowace shuka maimakon watsawa. In aka haɗa shi da takin gida amfanin ya fi kowanne shi kaɗai. Wannan a dokar oganik haramun ne, tunda sinadari ya shiga. A gonar talaka kuwa shi ne hankali. Don haka a tambayar ƙasa ni ba na ganin wani zaɓi tsakanin biyun, takin gargajiya ne tushe, na buhu ƙari ne gwargwadon aljihu, kuma a binne shi kada a watsa.

Sai iri, inda duk hayaniyar take.

Wake ne misalin da ya fi kyau don kowa ya san ciwonsa. Tsutsar maruka tana shiga fure da kwanson wake ta ci daga ciki, in ta yi yawa tana iya cinye har kashi 80 na amfani, kuma da yake a ɓoye take ba kowane feshi ke kai mata ba. Manomi sai ya yi feshi shida ko takwas a damina ɗaya, yawanci yaro ne ke goye da famfo, ba takunkumi ba safar hannu, iska tana dawo masa da maganin a fuska, in bakin famfon ya toshe ya sa baki ya hura. An daɗe ana neman irin waken da ke da juriyar wannan tsutsa a cikin dubban nau'o'in da cibiyar binciken noma ta IITA ta tara ba a samu mai ƙarfi ba, shi ya sa aka koma ga ƙwayar halittar wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ake kira Bt. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku tare da gidauniyar AATF, ita ta fitar da SAMPEA 20-T, wanda feshi biyu ke isarsa. Abin dariyar, ita wannan Bt ɗin masu noman oganik a Turai da Amurka sun shekara da shekaru suna fesa ta a gonakinsu a matsayin maganin da dokarsu ta yarda da shi. Bambancin kawai a nan shukar ce ke yin sinadarin da kanta.

Feshi biyun nan da suka rage fa dole ne, don wannan wake maruka kaɗai yake kashewa, darɓa da ƙananan ƙwarin fure da masu tsotse kwanso duk suna nan. Kuma bai hana ƙwaron rumbu ba. Wannan ma shi ne inda gubar gaske take shiga cikinmu, ba wajen iri ba, fiya-fiya da ake yayyafawa wake a sito. Dalilinsa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Maganinsa kuwa ba GMO ba ne ba feshi ba ne, buhu mai leda biyu a ciki ne irin na PICS ko jarka mai murfi, ka toshe iska ƙwaron ya mutu da kansa. Mai oganik zai ce a fesa ruwan 'ya'yan darbejiya a gona, yana aiki, amma sai an maimaita kusan duk mako kuma in tsutsar ta yi yawa ba ya tare ta. A ɗan fili bayan gida ya isa, a hekta uku wahala ce.

Zancen cewa in ka shuka GMO ba zaka iya ajiye iri ba, a wake ba haka ba ne. Wake kansa yake yi wa barbara, abin da ka girba in ka shuka zai fito, kuma wannan iri ba a ɗora masa kuɗin mallaka ba. Fasahar nan da ake tsoro ta iri mai kashe 'ya'yansa an ƙirƙiro ta a shekarun 1990 amma ba a taɓa sakinta kasuwa ba. Masarar TELA ce dai sai ka sayi sabo duk shekara, ba don GMO ce ba, don mai aure ce, in ka maimaita jikokinta amfanin raguwa yake kamar kowace mai aure. Ita TELA an yi ta ne don tsutsar kara da tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta bayyana a 2016, da kuma ɗan jure fari. Ɗan jurewa fa, ba wai ta yi ba ruwa ba. Kuma masara ce mai ci, in ba zaka iya ba ta taki ba ka yi asarar kuɗin iri, gara ka shuka wadda ake maimaitawa.

Maganar lafiya kuwa, wai yana hana haihuwa ko yana sa kansa, ba a samu hujja ba. Amurkawa suna cin masara da waken suya na GMO tun 1996, kuma a 2016 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta duba bincike wajen 900 ba ta ga ya fi abincin da aka saba haɗari ba. Wanda bai yarda da su ba yana da 'yancinsa, kuma ya kamata a rubuta a jikin buhu don mai saye ya san me yake saye, a kasuwar da ake awo da tiya kam wannan ba ya faruwa.

Tsoron da yake da tushe wani ne daban, kuma masu tallar GMO ba sa son a tsaya a kansa. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008, feshi ya ragu, manoma da yawa sun ji daɗi, har ta mamaye mafi yawan gonakin auduga. Sai aka gano zaren ya gajarce, audugar Burkina da aka sani da tsawon zare ta faɗi daraja a kasuwar duniya, kamfanonin auduga suka yi asara suka nemi diyya daga Monsanto, kamfanin da ya kawo irin, a 2016 aka watsar da ita. Ba guba ba ce ta kashe ta, an saka halittar ne a cikin irin da bai kai nasu na gida inganci ba. A Indiya kuma jar tsutsar auduga ta saba da Bt ɗin, ta dawo tana ci, manoma suka koma feshi ga kuma tsadar iri. A Afirka ta Kudu tsutsar kara ta yi haka da masara. Ƙwaro ba ya zama wuri ɗaya, shi ya sa ake cewa a bar wasu kunyoyi na irin da ba Bt ba a gefe don tsutsar da ba ta saba ba ta ci gaba da hayayyafa ta dagula jinin mai juriya. Mutum nawa aka yi wa wannan bayanin lokacin da ake miƙa musu iri? Sannan kamfanoni huɗu, Bayer da Corteva da Syngenta da BASF, su ke riƙe da fiye da rabin cinikin iri na duniya, halittar da ke cikin TELA ma daga Bayer ta fito, kyauta a yanzu. Ƙasar da ta bar irinta na gida ya ɓace ta dogara da na kamfani ta ba da wuyanta, wannan ba sai an je jami'a ba.

Noman masana'anta irin na Amurka da Barazil, dubban hekta na shuka ɗaya da tarakta da jirgin feshi, ba zan daɗe a kansa ba don yawancinmu ba shi ne a gabanmu ba. Yana ba da amfani, masara a Amurka tana kai wajen tan 11 a hekta, mu muna kewayen tan 2. Amma Punjab ta Indiya da aka yi juyin noman shinkafa da alkama ruwan ƙarƙashin ƙasarta sai ƙasa yake yi, a Amurka kuma ciyayi sun saba da maganin ciyawa na gilaifoset har sai an haɗa magani biyu uku. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne maganin ciyawa, wanda ya riga ya cika ƙauyukanmu ba tare da wani GMO ba, saboda kuɗin 'yan ƙwadago ya yi tsada. Ya rage wahalar noma da maimai, ba musu, amma ya kashe gicci a gonaki da yawa, ya tafi da rama da lalo da yaɗiya da mata ke tsinka a gona, ga farakwat da Turai ta hana tun 2007 ana zuba shi a jarkar da gobe za a ɗebi ruwa da ita. In mutum yana neman abin tsoro a gonarsa ya fara da wannan.

Kasuwa ita ce tambaya ta uku kuma ita ke yanke hukuncin ko ka zama ɗan oganik na takarda. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna amfanin oganik yana ƙasa da na zamani da kamar kashi 19 zuwa 25, abin da ke cike giɓin a Turai shi ne mai saye yana biyan ƙari. A kasuwar Dawanau ba wanda zai ƙara maka naira ɗaya don ba ka sa takin buhu ba. Sai dai in riɗi ko zoɓo ko citta kake yi don fitarwa waje, nan kam akwai kuɗi, amma satifiket ɗin yana buƙatar shekara biyu zuwa uku gona ba ta ga sinadari ba, da mai duba da za a biya, da rubuta komai, mutum ɗaya mai hekta biyu ba zai iya ba sai a ƙungiya, kuma sai an samu mai saye a hannu kafin a fara, ba bayan an girbe ba. Riɗi da zoɓo dama ba masu cin taki ba ne sosai, su suka fi dacewa da wannan.

Toh in ni ne. Mai gero da dawa a jigawa, maganar GMO ba ta ma shafe shi ba, ya bar gawo da sabara su tashi, ya tara taki a rami a inuwa maimakon a fili, ya ƙara murfin kwalba na NPK, ya juya da wake ko waken suya saboda wuta-wuta. Mai wake don sayarwa, SAMPEA 20-T ya cancanci gwaji, feshi biyu maimakon bakwai ba ƙaramin abu ba ne ga aljihu da ƙirjin mai feshin, amma ya tambayi kasuwarsa tukuna ko tana son girman ƙwayar da launinta, kuma in harawa yake nema irin gida mai yaɗo ya fi ba da ita. Mai masara a wajen Saminaka ko Funtuwa da ke da halin taki, ya gwada TELA a gefe ɗaya na gona, ya auna buhunan da ya samu ya cire kuɗin iri da na feshin da bai yi ba, ya saya daga dilan da aka sani don jabun iri da aka shafa wa kala ya yi yawa. Mai lambun gida da 'yan kaji da awaki kuwa oganik zalla ya ishe shi, takinsa zai kai. Duk wanda ya gwada sabon iri kuma kada ya zubar da na gidansu, ya ware kunya uku huɗu duk shekara ya shuka shi, don iri ba ya daɗewa a tulu, wake ko gero in ya kwana biyu ba a sabunta ba tsironsa raguwa yake.